Inji a Teku, Mai Shi a Galadima: Shekara Huɗu Kafin Dillali Ya Gano Inda Kifinsa Ke Tafiya

Masomi: kafin 2015

Mutumin da wannan bayani ya shafa dillalin busasshen kifi ne a kasuwar Galadima da ke Sabon Gari a Kano. Alhaji kawai zan riƙa ce masa, kamar yadda yaran rumfarsa suke kiransa. Ni nake duba masa littafin shige da fice duk ƙarshen wata, don haka alƙaluman da ke nan daga littafinsa na ɗauko su, ban da farashin man fetur wanda kowa ya sani.

Sana'ar gado ce. Mahaifinsa banda yake sarowa daga Baga ta hanyar Maiduguri, shi ma a kan haka ya tashi: tarwaɗa, ƙarfasa, giwan ruwa, duk na Tafkin Chadi, sai ɗan ciko daga Haɗeja da Tiga. Kifin teku kuwa abin da ya sani game da shi bai wuce na ƙanƙara ba, wato taitus da kote da fanla da ake shigowa da su daga ƙasashen waje a jibge a ɗakunan sanyi. Bai taɓa ganin teku da idonsa ba sai ta tagar jirgi a hanyar Jidda.

2015 zuwa 2018: hanyar Baga ta toshe

Bayan harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, kaya suka yanke. Masunta sun watse, an kuma daɗe da hana safarar kifi daga yankin tafkin. Alhaji ya koma Haɗeja da Yawuri, amma kowa can ya nufa, farashi ya hau.

A wannan tsakanin ne masu sayar da abinci na Sabon Gari, waɗanda su ne rabin masu cinikinsa, suka matsa masa da tambayar bonga da shawa, duk kifin teku. Bonga kifin bakin teku ne mai faɗi, mai yawan ƙaya, yana yawo garke-garke a ruwa marar zurfi da bakin koguna. Bahaushe ba ya sonsa sosai saboda ƙayar, amma wanda ya taso da shi a miya ba ya musanya shi da komai. Alhaji ya fara saye daga wani dillali a Legas, wanda shi ma daga hannun wani yake karɓa. Kafin kwali ya iso Galadima mutum uku sun ci riba a kai. Shekara uku yana haka, yana ƙorafi, yana saye.

Nuwamba 2019: sayen inji da raga

Wani ɗan Kano mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 ta Legas shi ya haɗa shi da wani matuƙin kwale-kwale a wani ƙauyen masunta da ke gabas da Legas, yankin Ibeju-Lekki. Kwale-kwalen irin na Gana ne, wanda ake sassaƙa gindinsa daga gungumen itace guda a ɗora masa katako a gefe, yana ɗaukar mutum goma sha biyu. Injinsa ya mutu, ragarsa ta tsufa. Alhaji ya je da kansa, ya kwana biyu, ya ga an jawo kwale-kwale kan rairayi cike da kifi har ana tafiya a kansa. Ya dawo Kano ya ce mini: “Malam, ashe muna zaune ne a kan tudu muna rigima a kan ɗigo.”

Ya sayi sabon inji Yamaha mai ƙarfin doki 40 da ragar zobe, wadda ake kewaye garken kifi da ita a tsuke gindinta. Kuɗin ya cinye kusan rabin jarin da yake juyawa. Ba a rubuta komai ba, an dai yi magana a gaban shaidu biyu. Tsarin rabon shi ne wanda aka saba da shi a wurin: a cire kuɗin mai da na abinci, abin da ya rage a raba biyu, rabi na ma'aikata, rabi na kayan aiki. Rabin kayan aikin a kasa shi uku, na kwale-kwale, na inji, na raga. Alhaji yana da biyu cikin ukun nan, wato kashi ɗaya bisa uku na abin da ya rage bayan an cire mai.

Shi a fahimtarsa kashi ɗaya bisa uku na kifi ne. Su a wurinsu kashi ɗaya bisa uku na kuɗi ne. Babu wanda ya lura da wannan bambanci a ranar, kuma tafintan da ya tsaya a tsakani mai albasa ne.

Disamba 2019 zuwa Oktoba 2020: kakar farko

Lokacin bonga a wannan gaɓa rani ne, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, sa'ad da teku ke lafawa. Alhaji ya yi lissafin lodi duk mako biyu. Abin da ya iso cikin wata huɗu lodi huɗu ne, kwali 38 gaba ɗaya, kuma da ya bincika sai ya ga saya masa aka yi da kason kuɗinsa a farashin kasuwa. Ya buga waya, matuƙin ya ce ruwa ne bai bayar ba. Ya sake bugawa, aka ce wata ya yi haske, kifi ya nutse.

Sai korona ta zo. An kulle Legas a ƙarshen Maris na 2020, aka kulle Kano a Afrilu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har farkon Yuli. Ko da yake an ce kayan abinci ba sa cikin hanin, direbobi sun ƙara kuɗin lodi saboda abin da ake karɓa a shingaye. Da aka buɗe hanya damina ta riga ta kankama. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa a wannan gaɓa ba wasa ba ce: babu tashar da za a fake, daga kan rairayi ake tura kwale-kwale a ratsa inda ruwa ke karyewa, kuma a nan ake kifewa. Mako guda kan wuce ba a fita ba.

A watan Satumba aka aiko da labari cewa wani babban jirgin kamun kifi mai jan raga ya bi ta kan ragarsu da dare ya yage ta. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta hana irin waɗannan jirage shiga mil biyar na ruwa daga gaɓa, wajen kilomita tara ke nan, an bar wa masu kwale-kwale. Amma cikin duhu babu wanda ya ga lambar jirgin, babu wanda za a kai ƙara. Gyaran ragar a kan mai raga ya faɗa.

Janairu zuwa Maris 2021: ƙanƙara da funfuna

Da ya ga bonga ba ta zuwa yadda yake so, sai ya ce bari ya gwada ɗanyen kifi mai tsada, irin su kuroka da barakuda, don otal-otal na Kano. Aka zuba cikin kuloli da ƙanƙara aka ɗora a motar fasinja ta dare. Tsakanin Legas da Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma motar ta yi fiye da awa ashirin. Karo na farko kifin ya iso da sauran sanyi, aka sayar, amma da aka cire kuɗin ƙanƙara da na mota babu abin da ya saura. Karo na biyu motar ta lalace kafin Jebba. Ba sai na faɗi yadda kulolin suka iso ba. Daga nan ya haƙura, domin mai otal da zai iya aiken yaro ɗakin sanyi ya ɗauko kwalin taitus a farashin da ya sani ba zai zauna jiran motar Legas ba.

Asara mafi ciwo a ƙarshen Fabrairu ta zo. Busasshen kifinsa a tirelolin albasa da tumatir yake hawa, waɗanda suke sauke kaya a Mil 12 su juyo Arewa kusan wayam, shi ya sa lodin yake da sauƙi. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, dillalan abinci da na dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na wajen mako guda. Motar da ba ta je ba ai ba za ta dawo ba. Kwali 22 suka yi kwana tara a wani shago a Legas cikin laimar bakin teku. Ina wurin aka farke na farko a Galadima: saman kifin lafiya, da yaro ya zura hannu tsakiya ya ɗago sai ga shi ya yi fari-fari da kore, yana ɗumi kamar an fito da shi daga tukunya. Kwali 14 masu haɗa abincin kaji suka kwasa a farashin wulaƙanci.

Nuwamba 2021 zuwa Afrilu 2022: littafin ɗan ƙanwarsa

A nan Alhaji ya kai maƙura, ya fara cewa cutarsa ake yi. Yayansa, wanda ya taɓa fataucin goro a Shagamu, ya ce masa kada ya zargi mutum a kan abin da bai gani ba, ya tura ido. Aka tura ɗan ƙanwarsa, saurayi mai takardar difloma da ke zaune ba aiki. Aka kama masa ɗaki a ƙauyen, aka ba shi littafi da sikeli, aka ce ya rubuta komai kullum.

Littafin nan shi ne mafi amfani cikin duk abin da aka kashe wa kuɗi. Cikin kwana 181 kwale-kwalen ya fita sau 97. Ranakun Talata 26 ba a fita, domin ma'aikatan 'yan asalin gaɓar Gana ne, kuma can al'adar masunta ce ba a shiga teku ran Talata. Kwana 17 inji na wurin gyara, kwana 14 ana ɗinkin raga, sauran 27 iska ce, ko rasuwa, ko rashin mai. Cikin fita 97 ɗin kuma, sau 29 abin da aka kamo bai biya kuɗin mai ba. Ranar da Alhaji ya gani da idonsa a 2019 irinta sau shida ta faru a duk kakar.

Amma abin da ya fi wannan muhimmanci a waya yaron ya faɗa. Ya ce: “Kawu, kifin nan tun yana cikin ruwa yana da mai shi.” Kowace fita tana cin jarka uku ta mai, lita 75, da man juye da ake gaurayawa, kuma da asuba ake buƙatar kuɗin, a hannu. Matuƙin ba shi da su. Wata dattijuwa mai banda, wadda kowa ke ce wa Iya, ita take bayarwa. Ita ke ba ma'aikata rance idan matar wani ta haihu, ita ke ciyar da su a damina. A madadin haka, duk abin da kwale-kwalen ya kamo ita ake fara yi wa tayi, a farashin da ya ɗan gaza na sauran masu saye. Kwale-kwale na taɓa rairayi yaranta sun shiga ruwa har gwiwa da baho. Kafin rabin awa an auna, an kwashe, an bi da shi bayan gari inda murahu suke. Dole ma a yi sauri, don bonga mai maiƙo ce, idan ta yi 'yan awoyi a rana cikinta ya fashe.

Wato matuƙin bai saci komai ba. Kason Alhaji yana isa gare shi daidai, sai dai kaso ne na kuɗin da aka samu a farashin Iya, bayan an cire man Iya.

Yaron ya kuma gano dalilin funfunar bara. Banda iri biyu ake yi. Akwai ta sama-sama, awa ɗaya zuwa biyu a wuta, kifin na da taushi da nauyi, ana kai shi kasuwannin Legas a cinye cikin kwana biyu ko uku. Akwai kuma ta ƙwarai, wadda ke ɗaukar awa goma zuwa sha takwas, wani lokaci a sake maimaitawa, har kifi ya bushe ƙayau, kilo uku na ɗanye ya koma wajen kilo ɗaya. Wannan ita ke yin watanni. Tana cin itace, tana rage nauyi, don haka babu mai yin ta sai an biya. Wanda yake saya wa Alhaji a da mai araha yake ɗauka, a jera busasshe a sama.

2023: ƙarancin takardun kuɗi da tashin mai

Kakar 2022 zuwa 2023 ta zo da canjin kuɗi. Daga Janairu zuwa Maris takardar naira ta yi wuya, kuma a bakin teku ba a san wani abu wai tura kuɗi ta waya ba a lokacin da kifi ke kan rairayi. Yaron sai da ya riƙa sayen tsabar kuɗi wurin masu POS da ƙari mai nauyi.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai. A Legas lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa 488, a Yuli ta kai 568. Jarka ukun nan da a ƙarshen 2019 ba su kai naira 11,000 ba a farashin 145, a Yulin 2023 sun haura 42,000, kuma wannan farashin gidan mai ne, a ƙauyen wurin 'yan bumburutu ake saye. Tunda mai ake fara cirewa kafin rabo, kason mai inji ya zama ba ya ko isa gyaran injin. Matuƙa da dama suka rage nisan da suke zuwa, wasu suka koma filafili a kusa da gaɓa.

A watan Agusta Alhaji ya sayar wa matuƙin da injin da ragar, biya kashi-kashi cikin wata goma. Saboda faɗuwar naira bayan an bar kasuwa ta yanka mata daraja a watan Yuni, tsohon injin ya yi kuɗin da a lamba ya fi abin da aka saye shi sabo. A lamba kawai. Kuɗin ba su sayi rabin bonga da za su saya a 2019 ba.

Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2025: ciniki da masu murhu

Shawarar ta yaron ce: a bar kwale-kwale, a yi magana da Iya. Alhaji ya yi jim, domin bayar da kuɗi yau a karɓi kaya bayan wata uku ya yi masa kama da abin da yake gudu. Ya tambayi malaminsa bayan karatun magariba. Malam ya ce wannan shi ne cinikin salam, kuma ya halatta da sharuɗɗa: a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, a san nau'in kaya da siffarsa da awonsa, a yanka lokaci, kuma kada a ɗaure shi da abin da wani kwale-kwale guda zai kamo, sai dai ya zama bashi a wuyan mai sayarwa, ta samo daga inda ta samo.

A kan haka aka rubuta takarda, wannan karon da tafinta na gaske. Iya da wasu mata biyu za su kawo kwali 60, kowanne kilo goma a sikeli ban da nauyin kwali, bandar ƙwarai, kashi uku kafin ƙarshen Fabrairu. Gwajin kuwa yaron ne zai zaro kifi daga tsakiyar kwali ya karya: in ya ce ƙas, an karɓa, in ya lanƙwashe, a mayar wuta. Alhaji ya ƙara da saya musu katako da waya aka yi farantan murhu irin na Cokor, wanda aka fara a wata unguwar masunta ta Akara a ƙarshen shekarun 1960. Murhun laka ne, ana jera faranti bisa faranti, hayaƙi ya ratsa su duka, wuta ɗaya ta gasa faranti goma a lokaci guda. Kuɗin itace shi ne babban abin da matan suka kawo a matsayin uzuri, wannan ya rage shi.

Kwali 57 suka iso a kan lokaci, uku a Maris. Duk sun zo cikin hunturu ko jim kaɗan bayansa, sa'ad da iskar Kano ke busar da komai har leɓen mutum. Aka shanya su a bene, aka zuba a buhuna masu leda a ciki aka ɗaure. Wani maƙwabcinsa ya ba shi shawarar ya yayyafa fiya-fiya saboda ƙwaro, Alhaji ya ce abin da ba zai sa wa 'ya'yansa a miya ba ba zai sayar wa 'ya'yan wani ba. Maimakon haka duk mako uku ana buɗewa a duba, wanda ya fara sanyi a ɗora a wuta. Duk da haka wajen kashi ɗaya cikin goma ya tafi a ƙwaro da gari, don kifin da ya bushe sosai karyewa yake yi. Rabin kayan ya riƙe har Yuni zuwa Satumba, lokacin da teku ta yi fushi kuma bonga ta yi wuya a ko'ina. Ribar wannan rabin ita ta fi.

Kaka ta biyu ya ɗaga zuwa kwali 110. A lokacin lita ta haura naira 1,000, matan suka nemi ƙari tun kafin a sa hannu, ya ƙara. Ɗaya daga cikinsu ta gaza da kwali 12 saboda kwale-kwalen mijinta ya kife a bakin gaɓa injin ya nutse. Aka ɗaga mata zuwa kaka mai zuwa.

Hukunci

A ganina kuskuren Alhaji ba na amana ba ne, na lissafi ne. Ya zuba kuɗinsa a wurin da asara ta fi yawa kuma iko ya fi ƙaranci. Inji na lalacewa, raga na yagewa, ruwa na hanawa, duk a kan mai kaya ɗaya, alhali kifin yana bin wanda ya ba da kuɗin mai da asuba kuma yake tsaye a kan rairayi da baho. Iya tana karɓa daga kwale-kwale biyar ko shida, in wannan ya dawo wayam wancan ya kawo. Da ya koma ciniki da ita sai ya shiga inuwar wannan yawan. Sharaɗin da malam ya kafa don cinikin ya inganta, na kada a ɗaure shi da kwale-kwale guda, shi ne kuma ya raba shi da sa'ar matuƙi ɗaya.

Ɗanyen kifi bai yiwu ba don nisa da rashin sanyi mai ɗorewa, kuma ko da ya iso yana gogayya ne da kifin ƙanƙara da ya riga ya kafu. Abin da Kano take da shi wanda gaɓar teku ba ta da shi busasshiyar iska ce da wurin ajiya, kuma sai a shekara ta biyar aka yi amfani da su.

Sabon tsarin ma yana da rauni, kuma na faɗa masa. Duk ya rataya ne a kan mutum biyu, dattijuwar da ta haura sittin da saurayin da ba a ba shi kaso ba sai albashi. Takardar da aka rubuta ba ta da wani ƙarfi in aka ce za a je kotu daga nisan kilomita dubu. Gaɓar Ibeju-Lekki kuma tana canzawa, ga tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, ga matatar mai, filaye suna ta tafiya, ba lallai murahun nan su kasance inda suke ba nan da 'yan shekaru. Maganar kason yaron dai ya ce zai duba bayan Sallah. Kwali 12 ɗin nan kuma har yanzu suna shafin bashi a littafin.